Kafin ƙarfe huɗu: me za mu kira "civil partnership"?

Mai_Fassara: Salamu alaikum malamaina. Ina da rahoton minti uku a shirin ƙarfe huɗu, kan fafutukar da ake yi a ƙasashen Asiya don doka ta amince da auren jinsi. Shi "auren jinsi" ba ya ba ni wahala, kunnen mai sauraro ya saba da shi tun 2014 da shugaban Najeriya na lokacin, Jonathan, ya sa hannu a dokar hana shi. "Civil partnership" ne ya tsaya mini a wuya. Taiwan ta halatta auren a Mayun 2019, dokar Tailan ta fara aiki ranar 23 ga Janairun 2025. Amma a Japan ba a ɗaura aure, ƙananan hukumomi ne ke ba mutum biyu takardar shaidar suna tare, abin da aka fara a Shibuya da Setagaya cikin Tokyo a 2015. Takardar ba ta sa su gaji juna. In na kira duka biyun aure labarin ya mutu, don rigimar kanta a kan wannan bambancin take.

Ɗan_Fagge: Auren kotu mana.

Lauya_Bintu: A'a ƙanena. Auren kotu cikakken aure ne, mace da namiji ke yin sa a gaban magatakarda. Wannan kuwa an ƙirƙiro shi ne don kada a kira shi aure.

Ɗan_Fagge: To zaman daduro.

Lauya_Bintu: Daduro da hatimin hukuma? Ai rashin takarda ne ya sa ya zama daduro. Ni zan ce "zaman tare na rajista".

Baban_Nahawu: Kun ɗora gini kafin a tono tushe. "Auren jinsi" ɗin da kuka wuce da gudu shi ne gurgu. Jinsi Larabci ne, ma'anarsa iri. Wane aure ne ba na jinsi ba? Sannan aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu. Duk wanda ya furta "aure" a rediyo kan wannan lamari ya ɗaura musu da bakinsa. Na daɗe da samar da kalma: zamantarayya. Ta ɗauke duka biyun, kuma Hausa ce tsantsa.

Mai_Fassara: Allah ya gafarta Malam, ai ɗauke duka biyun shi ne matsalar. A Tailan majalisar ministoci ta taɓa amincewa da ƙudurin irin wannan zaman na rajista, masu fafutukar da yawa suka ce ba su yarda da matsayi na biyu ba, aure suke nema. Dokar auren da aka zartar daga baya ta cire "miji da mata" ta sa kalmar da ba ta nuna mace ko namiji. Da zamantarayya yaya zan faɗi wannan? Sun ƙi zamantarayya sun nemi zamantarayya?

Baban_Nahawu: Ki ce babba da ƙarama.

Lauya_Bintu: Malam, da girmanka, kiran abu aure ba halatta shi ba ne. Muna cewa auren kisan wuta, kuma malamai sun la'ance shi. Muna cewa auren dole. Ba wanda ya taɓa zargin mai labarai da goyon bayansu. Jinsi kuwa in za a kore shi don Larabci ne, sai sadaki da waliyyi da shaidun da ka lissafa su bi shi.

Ta_Damagaram: Ni abin da ke ba ni dariya, duk kalmar da za a yanke sai an auna ta da kunnen Kano. Mu da muke fassara daga Faransanci mun riga ku cin karo da wannan. Faransa ta kawo PACS, wato nata "civil partnership" ɗin, a 1999, aure bai zo ba sai 2013, kuma PACS ɗin har mace da namiji suna yin sa. Saboda haka kada ku manna masa "jinsi". "Yarjejeniyar zama" ta wadatar.

Ɗan_Fagge: Hajiya, yarjejeniyar zama ai da mai gidan haya ake yin ta.

Ta_Damagaram: Ka gani ko? Kunnen Kano.

Baban_Nahawu: Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, ba ni na ce ba. Kuma ku matasa ba ku ƙin kalma sai in Bahaushe ɗan'uwanku ne ya ƙirƙira. Da daga Landan aka fara jin zamantarayya, da yanzu har a tashar mota ana faɗa.

Ta_Damagaram: Da daga Landan aka ji ta, da mun buga musu waya mun tambayi ma'anarta.

Mai_Fassara: Jama'a saura minti ashirin, kuma ban ma kai Indiya ba, inda kotun ƙoli ta ce a Oktoban 2023 aikin majalisa ne ba nata ba. Ga abin da zan karanta: "auren jinsi ɗaya" ga Taiwan da Tailan, na ƙara "ɗaya" saboda gyaran Malam. "Zaman tare na rajista" ga Japan, da jimla guda ta bayani. Inda doka ta cire miji da mata zan ce "ma'aurata".

Lauya_Bintu: Ya yi. Ya ɗan yi tsawo, amma mai sauraro ba zai ɓata ba.

Ta_Damagaram: Rajista dai Turanci ne, amma jeki.

Baban_Nahawu: "Ɗaya" ɗin ta rage ɓarna. Sauran ban sa hannu ba. In an maimaita shirin da dare, ki gwada zamantarayya ko sau ɗaya ne mu ji yadda za ta zauna a baki.

Mai_Fassara: Maimaicin naɗaɗɗe ne, Malam. Na shiga situdiyo.