Ranar da aka ce mini 'yar feminis ce: ku ma ku kawo naku

Malamar Lissafi, Kano

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan abin nan yana cina a rai, yau dai na ce bari in amayar da shi.

Shekarata 26, ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Magana ta yi nisa tsakanina da wanda ke nemana, har manya sun fara zancen ranar kawo kuɗin gaisuwa. Sai na ce masa ina da sharaɗi guda: zan ci gaba da aiki bayan biki, kuma ina so a faɗe shi a gaban waliyyai, kada ya tsaya tsakanina da shi a zaure. A daren bai ce uffan ba. Washegari ya zo da abokinsa, abokin ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ashe ke 'yar feminis ce. Irinku ai ba kwa zaman aure."

Wallahi ban taɓa buɗe littafin feminisanci ba. Yayata na gani. Ita ma an yi mata alkawarin aiki, amma a baki. Wata uku da tarewa ya ce ba inda za ta. Takardar NCE ɗinta ta yi shekara bakwai a ƙasan akwati, cikin ledar da aka ba ta ita. Ranar da ya sake ta, ta dawo gida da yara uku da wannan ledar, ba ko sisi a hannunta, kuma duk inda ta kai takardar sai a tambaye ta ina ta yi aiki a baya.

Ba wa'azi nake nema ba, ba kuma zagin maza ba. Duk wadda aka taɓa jifa da wannan kalma, ko wanda ya taɓa jifan wata da ita, ya gaya mana me ya faru a ranar, me aka ce.

Ɗan Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. Ni ina cikin masu jifan. A ɗakin kwanan ɗalibai, duk yarinyar da ta ɗaga murya a aji ko ta tsaya takarar wani muƙami, sunanta feminis a wurinmu, kuma da nufin zagi muke faɗa.

Bara mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ya bar gida da gonaki biyu. Mu shida ne, maza biyu mata huɗu. Bayan sadakar arba'in baffanninmu suka zauna a kan tabarma a ƙofar gida suka yanke cewa gona ba ta mace ba ce, mu maza mu riƙe, in kaka ta yi mu ɗan aika musu da buhu. Ƙanwata mai bi mini, wadda take aji biyu a jami'a, ta leƙo daga soro ta ce cikin ladabi, "Baffa, a kira malami ya raba yadda Allah Ya ce." Baffa ya ce boko ya lalata ta, an koya mata aƙidar Turawa, ta zama feminis. Kalmar da nake faɗa wa 'ya'yan wasu ita ce aka faɗa wa ƙanwata, kuma a kan ayar da ke cikin Suratun Nisa'i. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mun kira malami, an raba, kowace ta san iyakar gonarta. Baffa bai amsa gaisuwata ba har wata huɗu.

Har yau ba na son sunan, ba zan ɓoye ba. Masu cewa a raba gado daidai wa daida tsakanin mace da namiji ba na tare da su, nassi ne. Amma rabin da aka ce nata ne, a garinmu mata nawa ne suka taɓa riƙe shi a hannu?

Ɗalibar Shari'a, Abuja

Ni kam idan aka kira ni da sunan amsawa nake yi, kuma ga dalilina.

A aji ne, ana darasin kundin tsarin mulki. Na kawo maganar ranar 1 ga Maris 2022, ranar da Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran kundi, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Cikinsu har da wanda zai bai wa mace damar sama wa mijinta baƙo zama ɗan ƙasa, damar da namiji yake da ita tuntuni ga matarsa baƙuwa. Na ƙara da cewa a majalisar dattawa ta goma mata huɗu ne cikin 109. Wani daga bayan aji ya ɗaga murya ya ce, "Feminis, ki je ki yi aure." Aji ya fashe da dariya. Abin da ya fi min ciwo, har da 'yan mata a masu dariyar. Bayan an tashi biyu daga cikinsu suka same ni a bakin masallaci suka ce gaskiya na faɗa, amma kada in riƙa faɗa a fili, samari za su guje ni.

Kuri'ar da waɗannan 'yan matan za su kaɗa, ba daga sama ta faɗo ba. Matan Arewa ba su sami 'yancin zaɓe ba sai a 1976, shekaru masu yawa bayan matan Kudu. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha duka, ta sha ɗauri a kan wannan magana, kuma sunayen da aka kira ta da su a zamaninta sun fi feminis muni. Yau an sa wa asibiti sunanta a Zariya. Idan na ce ba ruwana da sunan don in tsira da farin jini, ji nake kamar na ci guminta na goge baki.

Ɗan Zariya, ban zo raba gadon kowa ba. Amma kujerar majalisa ba gado ba ce, ba kuma limanci ba ce.

Malamar Islamiyya, Sakkwato

'Yata Ɗalibar Shari'a, na ji ki, amma ni ban karɓi sunan ba, ko da yake ni ma an jefe ni da shi.

Ina karantar da matan aure da dare. Muka zo babin saki. Na karanta musu farkon Suratuɗ Ɗalaƙ, cewa matar da aka saka sakin kome a ɗakinta take idda, ba a fitar da ita, ciyarwarta tana kan mijin. Na yi musu bayanin khul'i, na yi musu bayanin cewa sadaki nata ne, ba na uba ba, ba na miji ba. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 19 ba ta fashe da kuka a kan allonta. Ashe sau biyu ana sakinta ana kora ta gida a daren, da takarda a hannu, kuma ita a zatonta haka addini ya ce. Kafin sati ya zagayo maza uku sun hana matansu zuwa, an kai ƙarata wurin shugaban makaranta wai ina cusa musu feminisanci.

Na ce masa a garin Nana Asma'u muke. 'Yar Shehu ce, ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa wa jajis, wato mata malamai masu jagorantarsu, malfa su shiga ƙauyuka su karantar da mata. Mahaifinta da kansa ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Wane Bature ne ya koya musu?

Dalilin da ya sa ba na son sunan: buhu ne da aka ɗaure bakinsa a wata ƙasa, akwai tsaba a ciki akwai tsakuwa. Akwai abubuwan da ake kira da sunan da ba zan taɓa sa hannu a kansu ba. Kuma da zarar na amsa shi, mazan nan uku sun sami hujja. Ni kuwa so nake matan su dawo aji. Biyu sun dawo. Ta ukun ita ce mai kukan.

Mai Shago a Kwari

Ku yi haƙuri, ni zan kawo ɗaya ɓangaren, don kada a ce duk maza azzalumai ne.

Shekarata 31. Shekara huɗu na yi ina tara kuɗin lefe, akwati shida, ban da sadaki, ban da kuɗin haya na shekara biyu. Matata ma'aikaciya ce, ban hana ta ba, ni ke kai ta bakin titi kullum. Da aka cire tallafin mai a 2023 kasuwa ta tsaya cak, wata rana sai in wuni ban yi cinikin yadi goma ba. Na roƙe ta ta ɗauki kuɗin makarantar yaro na zango ɗaya. Ta ce albashinta nata ne, shari'a ba ta ɗora mata ba. Gaskiyarta ne. Amma a satin nan ta turo mini wani bidiyo da ke cewa miji da mata daidai suke, in riƙa wanke-wanke. A nan na ce mata feminis, kuma da zafi na faɗa.

Abin da ke damun samari da yawa ke nan. In ana maganar aikin gida sai a ce daidaito, in ana maganar cefane sai a ce shari'a. A zaɓi ɗaya mana.

Ɗalibar Shari'a, Abuja

Yaya Mai Shago, a wannan kana da gaskiya, kuma ni ba na goyon bayan lefen da ke karya saurayi. Tambaya ɗaya: kafin ranar, ka taɓa zaunar da ita ka nuna mata abin da shago ke kawowa?

Mai Shago a Kwari

Ban taɓa ba. Mu an taso mu a kan mace ba ta sanin samun mijinta. Daga baya da ta ga littafin bashi da idonta, ita ta biya zango biyu. Wanke-wanken dai har yanzu muna kai ruwa rana.

'Yar Maraɗi

Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan da Faransanci ake jifa da kalmar, amma zafin ɗaya ne.

Mu goma sha ɗaya ne ɗiya mata da muka shiga kwaleji tare daga ƙauyenmu. Ni kaɗai na kai lise, wato babbar sakandare. Sauran duk an ɗauke su an yi musu aure, wasu tun ba su kai sha biyar ba. Ƙididdigar UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, ni kuma ba a takarda na gani ba, a bencin ajinmu na gani, kowane hutu a dawo an rage.

Da aka zo kan ƙanwata, tana da shekara 14, na durƙusa gaban Baba na ce a bar ta ta samu ko birbe ne, wato takardar gama kwaleji. Wana ya ce lakwal, wato makarantar boko, ta mai da ni feminis, in ban yi hankali ba zan tsufa a gida. Inna ce ta ba ni mamaki. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta ce ita ta san abin da ta gani a haihuwar fari tana ƙaramar yarinya, ba za a maimaita a kan autarta ba. Ta sayar da akuyoyinta biyu ta sayi kayan lakwal.

Kowace 13 ga Mayu ana bikin ranar matan Nijar, ana ɗinka anko. Da yawa cikin sa'o'ina ba su san asalinta ba: a 1991 ne mata suka yi tattaki a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Inna ma ba ta san wannan tarihin ba. Ƙanwata tana aji na ƙarshe a kwaleji yanzu.

Ungozoma, Bauchi

Nawa gajere ne. Ƙarfe biyun dare aka kawo wata tana zubar da jini, likitan da ke bakin aiki namiji ne. Mijin ya ce atafau namiji ba zai taɓa matarsa ba, a nemo mace. Babu mace a daren. Muka yi ta roƙo har kusan awa guda kafin ya sa hannu. Allah Ya sa ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Da gari ya waye na tambaye shi ko yana da 'ya'ya mata, ya ce uku. Na ce to Alhaji ka bar ko ɗaya ta yi karatun likita, don matar wani ta samu abin da ka nema jiya. Ƙaninsa da ke tsaye, matashi da waya a hannu, ya ce, "Ku ma'aikatan asibiti duk 'yan feminis ne." Ban amsa masa ba, na koma ɗakin haihuwa, akwai wata tana jira.

Malamar Lissafi, Kano

Na gode muku duka, na karanta kowanne fiye da sau ɗaya. Malama ta Sakkwato, don Allah ki sa a bincika mana halin da yarinyar nan take ciki.

Game da nawa: na kai maganar wurin Kawu, wanda shi ne waliyyina. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce shi ma abin yayata yana damunsa, don shi ya karɓi sadakinta kuma bai tambayi komai ba a ranar. Ya aika a kira mai neman nawa shi kaɗai, ban da aboki. Sun yi zama ranar Asabar bayan la'asar. Ya ce ya yarda da aikin, amma yana jin nauyin a faɗa a gaban jama'a, kada a ce mace ta gindaya masa sharaɗi. Kawu ya ce to a rubuta, shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu a cikin gida. Ya nemi a ba shi sati biyu ya yi shawara da mahaifinsa. Yau kwana tara.