Zafin injin babur: wane ne na ƙa'ida, wane ne na matsala?

Sabon Mahayi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Babur ɗina irin wanda iska ke sanyaya injinsa ne, ba lagireto, ba agogon zafi. In na ɗan yi nisa na tsaya, injin ba ya taɓuwa, bayan na kashe kuma sai in riƙa jin ƙas-ƙas daga ƙasa. Haka naku yake, ko in kai wa bakanike? Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani a nasa.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka daina auna inji da hannu. Fatar mutum tana ƙonewa tun a digiri 60, shi kuwa inji a nan bai ma gama ɗumama ba. Akwai wata ƴar na'ura da ake haskawa jikin ƙarfe ta nuna zafinsa, na sha gwada ta a irin babur ɗinka. Kan silinda, kusa da fulogi, yakan kai digiri 150 zuwa 200 kuma lafiya lau yake tafiya. Ƙasan inji inda baƙin mai ke kwanciya kuwa tsakanin 80 da 110 nake samu. Ka ga inji ɗaya, lamba biyu da ba su yi kusa da juna ba. Shi ya sa in mutum ya ce maka injinsa yana kan digiri kaza, ka fara tambayarsa a ina ya auna. Ƙas-ƙas ɗin kuma ƙarfe ne da ya buɗe da zafi yake komawa mazauninsa, musamman salansa. Ba ciwo ba ne.

Mai Lagireto: Nawa mai ruwa ne, yana nuna lamba a allo. A buɗaɗɗen titi yana zama wajen 80 zuwa 90. Da na shiga cunkoso sai ya hau, ya ɗan wuce 100, fanka ta tashi, ya sauko. Mutane kan tsorata da ganin 100 don sun san nan ruwa ke tafasa, amma murfin lagireto yana matse ruwan ne, ga kuma sinadarin da ke ciki, sai ya haura 120 kafin ya tafasa. Abin tsoro shi ne lamba tana hawa fanka ta yi shiru. Kuma kada kowa ya buɗe murfin nan inji na da zafi, tururin ba ya sallama.

Hajiya Mai Sukuta: Ni akasin naku na gani. Tafiyata gajeriya ce kullum, kafin injin ya yi zafi na isa. Ranar juye sai na ga bakin murfin mai ya yi wani fari-fari kamar an zuba madara. Bakanike ya ce raɓa ce take taruwa a ciki, don man bai taɓa yin zafin da zai kore ta ba. Ya ce in riƙa ba shi tafiya mai tsawo lokaci-lokaci. Na yi, ya daina.

Tsohon Hannu: Hajiya ta taɓo abin da ba a cika magana a kai ba. Inji mai sanyi ya fi cin ƙarfensa, shi ya sa murɗa totur da ƙarfi daga tashi ba burgewa ba ce. Amma fa ga masu lagireto, farin nan yana iya zama ruwa ne ke shiga mai ta gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan silinda da jikinta, sai a duba.

Ɗan Gareji: Oga ya gama magana kan lamba, bari in faɗi yadda muke gane zafin da ya wuce kima ba tare da na'ura ba. Babur zai rasa ƙarfi a hawa. Za ka ji ƙarar ƙyal-ƙyal in ka ba shi wuta. Kulochi zai canza, giya ta yi tauri, ga warin ƙonannen mai. In ka kwance fulogi ka ga bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. In ya yi fari fat, fetur ya yi wa injin kaɗan, iska ta yi yawa. Galibin waɗanda ake kawo mana ke nan: an matse kabireta don a rage shan mai, ko robar da ke tsakaninta da inji ta tsage tana jan iska. Sai ƙarancin baƙin mai, sai bawul da aka ɗaure tamau, sai laka da ta toshe haƙarƙarin silinda. A babur irin na mai tambaya, man nan ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, yana ɗaukar zafi ma, don haka in ya sauka ƙasa da layi ka shiga haɗari biyu.

Sabon Mahayi: Na gode ƙwarai. To in na ga ya yi zafi, zan iya watsa masa ruwa? Na ga wasu na yi.

Ɗan Gareji: A'a yallaɓai. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya lanƙwasa kan silinda ko ya tsaga shi. Kuma kada ka bar shi a silo kana jiran ya huce, irin naka in ba ya tafiya ba ya samun iska, ƙara zafi yake. Ka kashe shi a inuwa, in ya huce ka duba mai a kan shimfiɗaɗɗen wuri, babur a miƙe.

Mai Lagireto: Kowane kamfani da nasa iyakar, ka leƙa littafin da ya zo da babur ɗin, nan aka rubuta kaurin man da ya dace, ko 10W-40 ko 20W-50. Ka kuma nemi mai alamar JASO MA a jikin galan, na mota yakan sa kulochi zamewa.

Sabon Mahayi: Na kwance fulogin, ruwan ƙasa ne. Mai kuma yana tsakiyar layi biyun. Lakar dai akwai ta, zan wanke in ya huce.