Musayar Baitoci Kan Wasan Ƙarshe na Wimbledon na 2019

Dattijon Ƙofar Doka:

Assalamu alaikum. Jiya da daddare jikana ya kunna mini wasan ƙarshe na maza 'yan ɗai-ɗai na gasar tanis ta Wimbledon, wanda aka buga a Landan ranar 14 ga Yuli, 2019, tsakanin Roger Federer na Siwizalan da Novak Djokovic na Sabiya, sai tsohon miki ya tashi. Ga abin da ya zo mini:

Da sunan Ilahu na ɗauki alƙalami,
Domin abin da ke raina bai kwanta ba.
Na ga gwani Federer a kan ciyawa, yana da shekara 37,
Yana tafiya kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.
Maki 218 ya tara, abokin karawarsa 204,
Amma da yamma ta yi bai ɗaga kofi ba.
Ku faɗa mini, ya ku masana na Zazzau,
Wane lissafi ne mai rinjaye bai ci riba ba?

Ɗalibin Samaru:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A wannan gasa ba jimillar maki ake dubawa ba, wanda ya riga cin zango uku cikin biyar shi ne da kofi, kuma Djokovic ne ya ci a ranar da 7-6, 1-6, 7-6, 4-6, 13-12. Zangunan da suka tashi 7-6 da 13-12 an yanke su ne da bugun raba gardama, wato gajeren wasan da ake yi idan an yi kunnen doki.

Baba, ina neman afuwa a gaban manya,
Yau dai yaro zai tsoma baki.
Tanis ba awon dawa ba ne a kasuwar Sabon Gari,
Da za a tara tiya-tiya a ce an gama aiki.
Sau uku aka kai ga bugun raba gardama,
Sau ukun nan ɗan Sabiya ne ya kwashe maki.
Kusan duk filin sunan Federer yake kira,
Shi kuwa ya daure, ba fushi, ba tsaki.
Wanda wuƙa ta kai wuyansa ya ƙi faɗuwa,
Har awa 4 da minti 57, ai shi ne zaki.

Malamar Kongo:

Baba, barka da war haka. Ɗana na Samaru ya yi magana, amma ya tsallake wani abu. A 2019 ɗin ce aka fara yanke zango na biyar da bugun raba gardama idan an kai 12-12, bayan John Isner da Nicolas Mahut sun shafe kwana uku a 2010 suka tashi 70-68 a zango na biyar, sannan a 2018 Kevin Anderson da Isner ɗin suka sake kaiwa 26-24 a wasan kusa da na ƙarshe.

Ɗana, ka yabi zaki, ban hana ka ba,
Amma ka tuna da dokar da aka tsare.
A 2008 Rafael Nadal ya kayar da gwanin Baba,
Da 9 da 7 a zango na biyar, ana ruwa ana ɗaukewa, har gab da dare.
A ranar ba wanda ya yanke musu hanzari,
An bar su su biyu har ƙarfin ɗaya ya ƙare.
Da an bar na 2019 a kan tsohuwar ƙa'ida,
Allah kaɗai ya san wanda zai fi jure.

Ɗalibin Samaru:

Malama, da an bar su, ai ɗan shekara 32,
Shi ya fi ɗan 37 sauran ƙarfi a jiki.

Mai Shagon Tudun Wada:

Ni kuwa a gidan kallo wasan ya same ni, mu biyar kacal a kan benci, domin sauran jama'a ƙwallon ƙafa suka sani.

Ana 8 da 7 a zango na biyar, Federer na riƙe da ƙwallo,
Maki 40 da 15, sai wuta ta ɗauke.
Mai gida ya ja igiyar janareta har sau shida,
Mu kuwa mun riga mun ce kofi ya sauke.
Da hoto ya dawo allo na nuna 8 da 8,
Na ce wa na kusa da ni, anya a farke muke?

Dattijon Ƙofar Doka:

Malama, Allah ya saka da alheri. Mai shago, abin da duhu ya ɓoye maka, wato dama biyu da Federer ya samu na lashe kofin, ni na gan shi, kuma jiya na sa yaron ya maimaita mini shi har sau uku. Ɗana na Samaru, lissafinka daidai ne.

A dama ta farko ya buga da hannun dama,
Ƙwallo ta fita gefe, ba ta sauka cikin layi ba.
A ta biyu ya taso ya matso gaban raga,
Aka zura ta ta gefensa, bai ko taɓa ta ba.
Kofi 8 yake da shi a wannan fili na ciyawa,
Cikin maza har yau ba a kamo shi ba.
Ya ajiye wasa a 2022, na tara bai zo ba,
Kuma tun ranar bai sake kai wa wasan ƙarshe na manyan gasa ba.
Na miƙa wa ɗan Sabiya kofinsa da hannu biyu,
Amma ban ce wa jikana ya goge hoton ba.