Abin da teloli mata suka tsayar kan ruwa da bayi a Gusau

Mun zauna da mata masu aiki a shagunan ɗinki na Gusau, kuma maganar bayi ce ta cinye rabin zaman. Namiji in fitsari ya matse shi sai ya ɗauki buta ya zagaya. Mace fa? Wata baiwar Allah ta ce ita tun safe take ƙin shan ruwa, ta wuni a kan keke, musamman gab da Sallah da ɗinki ke yawa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin riƙe fitsari da ƙarancin shan ruwa suna jawo ciwon mafitsara.

Shawarar da kowa ya amince da ita: mai shago ya ware wa mata bayinsu, mai ƙofa da sakata ta ciki, da kwandon shara mai murfi saboda audugar al'ada. Kada a zabtare kuɗin wadda ta tashi ta zagaya.

Ruwa kuwa, shagunan layi ɗaya su yi karo-karo su riƙa sayen kura guda wurin mai garuwa, a ware na sha a rufe. Sabulu ya zauna kusa da buta, balle da damina, lokacin amai da gudawa.