Wane suna za mu raɗa wa ɓurɓushin ƙarfen da ke kai magani inda ciwo yake?

1/ Jama'a, ga wani dogon suna da ke neman Hausa: polymer-coated magnetic nanoparticles. Masu binciken cutar daji ne suka fi ambatonsa. Kafin a shiga gardamar suna, bari mu dubi abin shi kansa.

2/ Wasu mitsi-mitsin gutsattsari ne na sinadarin magnetayit, haɗin ƙarfe da iskar oksijin, ɗan'uwan tsatsa. Faɗinsu bai cika wuce nanomita 100 ba. Idan aka kasa mita ɗaya gida biliyan, kaso ɗaya shi ne nanomita, kuma jar ƙwayar jini guda tana kai nanomita 7,000. Ana lulluɓe su da polima, wato sinadarin da ƙwayoyinsa suka haɗu kamar doguwar sarƙa, a maƙala magani a jikin lulluɓin, a yi allurarsu ta jijiya, sannan a ɗora maganaɗisu mai ƙarfi a kan fata daidai inda ƙarin yake don ya tara su a wurin. Dalili kuwa, maganin daji irin doksorubisin idan ya bazu ko'ina a jiki yana illata zuciya.

3/ "Ƙwayar zarra" ba ta dace ba. Tuni kimiyya ta ba ta aikinta na fassara atom, kuma kowane gutsure ɗaya yana ƙunshe da dubban ƙwayoyin zarra. "Ƙwaya" zalla kuma, da zarar ta haɗu da magani, kowa zai zaci ta haɗiya ce. Ni ɓurɓushi na zaɓa: ɓurɓushin nano. Ita nano a bar ta yadda take, kamar yadda muka bar kilo.

4/ Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne maganaɗisun. Hannu yana saurin rubuta "ɓurɓushin mayen ƙarfe", alhali ba haka abin yake ba. Mayen ƙarfe kullum cikin janyo ƙarfe yake. Da waɗannan haka suke, da sun manne wa juna sun dunƙule, sun toshe ƙananan hanyoyin jini. Sirrinsu shi ne, idan magnetayit ya ƙanƙance zuwa nanomita 20 ko ƙasa da haka, ba ya riƙe ƙarfin ja. A kawo maganaɗisu kusa, ya amsa; a janye, ya koma kamar bai taɓa sanin sa ba. Ashe su ba masu ja ba ne, masu bi ne. Don haka na ce "mai bin maganaɗisu". Duk sunan da ya ɓatar da wannan ya ɓatar da dalilin da ya sa ake iya zuba su a jinin mutum.

5/ Polima fa? Wani zai ce roba ko leda. Haba! Wane majinyaci ne zai miƙa hannu a yi masa allurar leda? Ba ma daidai ba ne: dekstiran dangin sukari ne, kitosan daga ɓawon jatan lande ake samunsa, ga kuma PEG da ake haɗawa a masana'anta. A bar polima. Lulluɓin kuma a kira shi riga, domin aikinsa ke nan: yana hana gutsattsarin mannewa, yana jinkirta kamun da sojojin garkuwar jiki ke yi musu a hanta da saifa, kuma a cikinsa maganin ke zaune.

6/ Saura isar da magani yadda ake so. Abu biyu ne a nan: ina za a kai shi, kuma yaushe za a sake shi. Akwai rigar da ke sassautawa idan ta shiga tsami, ga shi kewayen ƙari ya fi jini tsami, shi jini yana kan 7.4 a ma'aunin tsami na pH. Akwai wadda zafi ke buɗewa: a kunna na'urar da ke jujjuya ƙarfin maganaɗisu da sauri, ƙarfen ya ɗumama, rigar ta saki kayanta. Hausa tana da kalmar da ke juyawa kuma take tsayarwa, wato linzami. Mun riga mun saba da makami mai linzami, me zai hana magani mai linzami?

7/ Sai dai ina ɗari-ɗari da shi, don yana iya cika baki. Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa sosai da nisa, ƙarin da ke can cikin jiki da wuya a kai gare shi daga waje. A gwajin farko kan mutane a Jamus a 1996, majinyata 14 aka bai wa maganin daji epirubisin ta wannan hanya, kuma a kusan rabinsu ne aka ga ɓurɓushin ya taru a ƙarin. Maganin Feraheme da Amurka ta amince da shi a 2009 irin wannan ɓurɓushi ne mai riga, amma ƙarancin jini ake yi wa magani da shi, babu mai jan sa da maganaɗisu.

8/ A littafi: ɓurɓushin nano mai bin maganaɗisu, mai rigar polima. A rediyo: magani mai linzami, tare da faɗin cewa har yanzu ana kan gwaji. Malaman kimiyyar haɗa magunguna, ku duba mana "riga": ta isa ta ɗauki lulluɓin da ke narkewa a jiki, ko "ɓawo" ya fi ta?