'Yata ta samu Brooklyn Tech, ga kuma makaranta a bayan gidanmu: wacce za mu ɗauka?

Maman Nana, Bronx:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah duk wanda ya san kan abin ya yi magana, domin yau kwana huɗu ke nan barcina rabi da rabi ne.

Sakamakon shiga sakandare ya fito a wannan wata na Maris. Babbar 'yata, mai shekara goma sha uku, ta rubuta jarrabawar SHSAT, wadda da ita ake shiga makarantun sakandare takwas na musamman na birnin Niyok. Bronx Science ta sa a farko, makinta bai kai ba, sai aka ba ta Brooklyn Tech. Alhamdulillahi. A ɗaya gefen kuma ta samu gurbi a wata ƙaramar makaranta ta unguwarmu, tafiyar minti goma a ƙafa, inda 'ya'yan maƙwabta da yawa suka yi. Ɗaya za mu ɗauka.

Ranar Asabar muka gwada hanyar, ni da ita. Muka hau jirgi mai lamba 4 a titi na 167, muka sauka a Nevins, muka ƙarasa da ƙafa. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar makarantar awa ɗaya da 'yan mintoci, alhali ranar babu cunkoson ma'aikata. Da muka isa ta ɗaga kai tana kallon ginin, ta riƙe hannuna, ba ta ce uffan ba. Ni kuwa lissafi nake yi a zuci: a Disamba ƙarfe huɗu da rabi an yi Magariba a garin nan, yarinya mai hijabi ita kaɗai a jirgi, kuma ita ce ke ɗauko mini ƙannenta biyu idan ina wurin aiki.

Mahaifinta ya ce babu wata magana, Tech za ta. Amma wata maƙwabciya ta ce mini manyan jami'o'i sun fi son wanda ya zo na ɗaya a ƙaramar makaranta a kan wanda ya tsaya a tsakiya a babba. Yarinyar likita take son zama. Wace magana ce gaskiya?

Baban Khalid, Harlem:

Wa alaikumus salam. Maman Nana, barka, Allah Ya sanya albarka. Ni ina bayan maigidanki. Yara fiye da dubu ashirin ke zama wannan jarrabawa kowace shekara, waɗanda ake ba gurbi a makarantu takwas ɗin ba su wuce dubu biyar ba. Kuma ki duba yaranmu baƙar fata nawa ne a ciki. A 2019 Stuyvesant, ɗaya daga cikin makarantun, ta ba yara 895 gurbi, baƙar fata bakwai ne kacal a cikinsu. Bakwai! Allah Ya buɗe wa 'yarki ƙofar da dubbai ke nema, sai a rufe saboda jirgi? Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu da muka baro Agadas da Kumasi da Kano muka zo nan, ai ba nisan hanya ne zai tsorata mu ba.

Malama Uwani, mai koyarwa a makarantar gwamnati:

Maman Nana, maƙwabciyarki ta faɗi rabin gaskiya, Baban Khalid ma ya faɗi rabi. Bari in yi bayanin yadda jami'a ke karanta takardun yaro, domin nan ne amsar take.

Idan ɗalibi ya nemi jami'a, makarantarsa tana aika sakamakonsa na shekara huɗu tare da wata takarda da ke bayyana ita kanta makarantar: ɗalibai nawa gare ta, waɗanne darussa take koyarwa, darussan AP (darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare) nawa ne, yaya makin yara yake. Mai tantancewa yana auna yaro da abin da ke gabansa ne. Idan makarantar AP huɗu gare ta, yarinya ta ɗauki huɗun ta ci, ta yi iyakar abin da za a iya. Idan kuma makarantar tana da ashirin, ta ɗauki uku ta samu maki tsaka-tsaki, to za a gan ta kusa da 'yan ajinta da suka ɗauki goma. Brooklyn Tech ɗalibanta sun kusa dubu shida, aji guda ya haura dubu. Ɗaruruwa daga cikinsu jami'o'i iri ɗaya suke nema a shekara guda. Wannan shi ne gaskiyar da ke cikin zancen maƙwabciyarki.

Akwai kuma bincike a kai. Wasu masana tattalin arziki, ciki har da Joshua Angrist wanda ya samu kyautar Nobel a 2021, sun buga wani nazari a 2014 kan makarantun jarrabawa na Boston da Niyok. Dabarar da suka yi ita ce kwatanta yaran da suka tsallake makin shiga da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, tunda ƙoƙarinsu kusan ɗaya ne. Bayan shekaru, bambancin da ke tsakaninsu a sakamakon jarrabawa ƙanƙani ne ƙwarai. Wasu masanan biyu, Dobbie da Fryer, sun bi yaran Niyok har jami'a, su ma ba su ga wani bambancin kirki ba wajen shiga ko kammalawa. A Chicago ma an gano cewa yaran unguwannin talakawa da suka shiga irin waɗannan makarantu makinsu ya yi ƙasa, kuma damar shigarsu jami'o'i masu tsananin zaɓe ta ragu. Wato yawancin nasarar da ake gani, yaran ne suka shigo da ita tun daga gida.

Amma kada ki tsaya nan. Yaran da suka faɗi da ƙyar ɗin nan, da yawansu wasu makarantu masu ƙarfi suka tafi. Binciken bai ce kowace makarantar unguwa daidai take da Tech ba. Akwai ƙananan makarantu masu kyau sosai a Bronx, akwai kuma waɗanda ko darasin lissafi na kalkulas ba sa koyarwa, kimiyyar fiziks ma sai a hankali. Yarinyar da ke son likitanci, idan ta gama sakandare ba ta taɓa waɗannan ba, a shekarar farko ta jami'a za ta sha wuya, ko da ita ce ta ɗaya a ajinta.

Don haka ki je makarantar unguwar da ƙafarki, gani ya kori ji. Ki nemi mai ba ɗalibai shawara, ki tambaye shi: akwai kalkulas? Akwai AP na ilimin halittu da na kemistiri, kuma yara nawa ne suka ci maki 3 zuwa 5 a jarrabawar bara? Suna cikin shirin College Now, wanda yara ke ɗaukar darussan CUNY, jami'ar birnin Niyok, kyauta? Waɗanne jami'o'i ɗaliban bara suka shiga? Idan ya yi ta kewaye-kewaye bai ba ki lamba ba, wannan ma amsa ce.

Anti Rabi, Houston:

Ina jin zancen maƙwabciyarki daga irin namu na Texas ya samo asali. Tun 1997 akwai doka a nan: ɗalibin da ya fito cikin kashi 10 na sama a ajinsa, kowace makaranta ya yi, jami'o'in jiha za su ɗauke shi kai tsaye. Ta Austin ce ta matse nata, ta mai da shi kashi 6, daga baya kuma kashi 5, saboda yawan masu nema. A nan kam zama na gaba a makarantar unguwa riba ce a fili, har wasu iyaye na sauya wa yara makaranta saboda haka. Amma dokar Texas ce, kada ki ɗora lissafin Niyok a kanta.

Ƙanwarku, ɗalibar jami'a:

Mama, ina wuni. Ni na yi ɗaya daga cikin makarantun jarrabawar nan, ba Tech ba, kuma ba zan ambaci sunanta ba. Zan faɗa miki abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

A makarantarmu ta baya ni ce ta ɗaya kullum, ban san wani abu wai shi karatun dare ba. Gwajin farko na kemistiri a aji tara, shekarar farko ta sakandare, na samu 68. Na ninke takardar na tura ƙasan jaka, ta yi wata biyu a can ban nuna wa kowa ba. Ƙarfe biyar da rabi nake tashi, in yi Asuba, in fita da burodi a hannu, aikin gida kuma a jirgi nake ƙarasa shi a kan gwiwata. Sau da yawa ni kaɗai ce baƙar fata a aji. A gida kuwa ana ta alfahari da ni, ana gaya wa baƙi sunan makarantar, shi ya sa na kasa buɗe baki in ce ina nutsewa. Sai a aji goma na koyi zuwa wurin malami bayan darasi in ce ban gane ba.

Duk da haka, da za a mai da ni baya, can zan koma. Na zauna da yaran da karatu ba abin kunya ba ne a wurinsu. A bakinsu na fara jin QuestBridge da Posse, shirye-shiryen da ke kai yara manyan jami'o'i da tallafi, babu wanda ya san su a gidanmu. Muna da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, muna haɗuwa mu yi Azahar. Da na shiga jami'a, kemistirin da ke sa wasu kuka na riga na yi kukansa tun ina shekara sha huɗu.

Amma ina da ƙawa da muka taso tare, ta zauna a makarantar unguwa, ta fito ta biyu a ajinsu, malamanta sun san ta ciki da waje, suka rubuta mata wasiƙun shaida masu ƙarfi. Jami'ar da ta samu ta fi tawa suna. To kin gani.

Abin da zan roƙe ki: idan ta tafi Tech, ɗauko ƙanne ya tashi daga kanta, da yawan aikin gida na ranakun makaranta. Ba za ta iya haɗa su ba. Kuma ki tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban Baba ba.

Baban Khalid, Harlem:

Malama, na ji bayaninki kuma na ƙaru. Amma akwai abin da bincike ba ya aunawa, wato abokai. Ni direba ne, ƙarfe uku na rana ina kan titi, ina ganin abin da yara ke yi a bakin wasu makarantu bayan an tashi. Shekarun nan huɗu su ne yaro ke ɗaukar halin waɗanda yake yawo da su. Ni wannan ya fi damuna a kan sunan jami'a.

Malama Uwani:

Gaskiya ne Alhaji, kuma binciken Chicago ɗin ma ya nuna yaran sun fi jin kwanciyar hankali da tsaro a makarantun zaɓen. Sai dai yaran banza da na kirki babu inda ba su. Ƙarin abu biyu ga Maman Nana. A Tech, a ƙarshen aji goma ɗalibai ke zaɓen fannin da za su bi a shekaru biyun ƙarshe, akwai na kimiyyar halittu, kuma maki ake dubawa wajen rabawa, don haka shekarar farko ba ta wasa ba ce. Na biyu, ƙofar shiga ta fi ta fita ƙunci. Wanda ya bar gurbinsa, dama ɗaya ta rage masa, ya sake jarrabawar a aji tara, kuma guraben aji goma kaɗan ne. Wanda ya shiga ya ga ba zai iya ba, yana iya neman wata makarantar don aji goma, ko da yake ba a ba da tabbacin samun wadda ake so.

Baban Ummi, ma'aikacin asibiti, Bronx:

Tunda likitanci ake magana, ku sa wannan a lissafi. A ƙasar nan sai an yi digiri na shekara huɗu, a rubuta jarrabawar MCAT, sannan a shiga makarantar likitanci wata shekara huɗu. Masu ɗauka a can makin jami'a da na MCAT suke dubawa, da wuya wani ya tambayi sakandaren da aka yi. Ina aiki da likitocin da suka fito daga Hunter da City College, kwalejojin CUNY. Akwai shirin Sophie Davis a City College, nan Harlem, da ke ɗaukar yara daga sakandare su haɗa digiri da likitanci. Akwai Macaulay, kwalejin hazikan ɗalibai ta CUNY, inda ɗan jihar Niyok ba ya biyan kuɗin karatu. Kada a sa wa yarinya a rai cewa in ba Harvard ba an faɗi. Inda za ta fito da ƙarfin lissafi da kimiyya, da lafiyarta, ba tare da bashi ya danne ku ba, shi za ku nema.

Maman Nana, Bronx:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya na nemi izini a wurin aiki na je makarantar unguwar da tambayoyin Malama a rubuce a bayan ambulan. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, kuma ba su ɓoye mini komai ba. Suna da College Now, suna da AP huɗu, amma babu na kemistiri, kalkulas kuma sai shekarar da aka samu yara isassu. Matar da na gani da kanta ta ce, yarinyar da ta ci SHSAT za ta iya gama lissafinsu tun a aji sha ɗaya.

Da dare na kira Nana ɗaki, kamar yadda ƙanwarmu ta ce. Ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta, sannan ta ce Tech take so, tun ranar Asabar ɗin, amma ta yi shiru ne don ta san babu mai ɗauko su Abba. Na ce mata wannan nauyina ne, ba nata ba. Mun yi magana da mahaifinta, zai riƙa tsayawa da mota ƙarfe biyu da rabi ya ɗauko su kwana uku a mako, sauran kwana biyun ina neman wadda zan biya. Za mu yi istihara kafin mu danna amsa.

Abin da ya rage mini shi ne hanya. Idan akwai wanda ɗansa ko 'yarsa ke hawa jirgi mai lamba 4 ko D zuwa Brooklyn da safe, musamman mace, don Allah a yi mini magana ta gefe, ko da watannin farko ne su riƙa tafiya tare.