Na karye a ƙwauri sati goma da suka wuce, in je tantancewar soja ko in haƙura?

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa sa kaki da kuma ma'aikatan asibiti.

Shekaruna 20, kuma tun ina yaro ba ni da burin da ya wuce aikin soja. Na riga na cike fom, sai ga tsautsayi: sati goma da suka wuce na karye a wajen ƙwallo, ƙashin ƙwaurin ƙafar dama. Ba a yi mini aiki ba, ba a sa ƙarfe ba, siminti kawai aka sa, aka cire sati biyu da suka wuce. Yanzu ina takawa ba sanda, sai dai da yamma ƙafar takan kumbura, kuma ina jin wurin idan zan sauko daga matakala. Ban gwada gudu ba tukuna.

Saura sati shida a fara tantancewa. Abokina ya ce in ja bakina in yi shiru, tunda babu tabo babu ɗinki, ba mai ganewa. Ni kuwa zuciyata ta kasu biyu. In je ko in bari sai wata shekarar?

Bash: Wa alaikumus salam. Ka je kawai, mutumina. Ka ɗaure ƙafar da bandeji, ka sha maganin ciwo da safe, minti nawa ne gudun? Dama ba ta zuwa kullum.

Baba Habu: Bash, ka taɓa kwana a sansanin horo? Ina jin ba ka taɓa ba.

Sadiq ɗana, na yi aikin nan har na ajiye, kuma kurata da yawa sun wuce ta hannuna. Duk hankalinka yana kan ranar tantancewa, alhali ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Ɗan lokaci ne kawai, mai taurin rai zai iya cije haƙori ya wuce. Abin da ke bayanta fa? Watanni ne na gudun asuba, fareti a kan ƙasa mai tauri, tsallen kwaɗo, tafiyar ƙasa da kaya a baya, cikin takalmin da bai san ƙafarka ba. Babu ranar da za ka ce yau ƙafa ta kumbura bari in huta. Yara masu lafiya garau, waɗanda ba su taɓa karyewa ba, ƙashinsu yana tsagewa a wurin horo saboda yawan dukan ƙasa, kuma ƙwaurin nan da ƙasusuwan tafin ƙafa su ne suka fi tsagewa. To ina ga wanda aka cire wa siminti shekaranjiya?

Batun yin shiru kuwa, kada ka kuskura. Za a ba ka takardar tarihin lafiya ka sa hannu. In ka rubuta ba ka taɓa karyewa ba, daga baya ƙafar ta ba ka matsala aka ɗauki hoto, ɗorin zai fito ɓaro-ɓaro. A nan magana ta tashi daga ta ciwo ta koma ta ƙarya a takarda, kuma ana sallamar mutum a kan haka. Wanda likita ya ce wa “je ka warke” yana iya dawowa. Wanda aka kama da ƙarya, da wane ido zai dawo?

Bash: Allah ya ba da haƙuri, Baba. Ni dai gudun kada yaron ya rasa damar nake yi.

Anti Rabi: Sannu Sadiq, Allah ya ƙara sauƙi. Ni a sashen gashin ƙashi nake aiki, bari in ɗora a kan maganar Baba.

Cire siminti ba shi ne warkewa ba. Yawancin karaya a jikin babba takan haɗe cikin sati 6 zuwa 12, amma ƙwauri yana cikin masu nawa, yakan ɗauki wata uku zuwa shida. Dalili kuwa, gabansa fata ce kawai a kan ƙashi, babu tsoka mai kauri da za ta wadata shi da jini, musamman can ƙasa kusa da idon sawu. Kuma shi ke ɗauke da kusan duk nauyin jiki, siririn da ke gefensa kaɗan yake ɗauka. Abin da ya haɗa ƙashinka yanzu sabon ƙashi ne da ya taru kamar ƙullutu a wurin karayar, jiki zai yi watanni yana sassaƙa shi yana ƙarfafa shi. Idan mutum yana gudu, kowane taku yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Ka lissafa da kanka.

Ga wani abin da samari ba sa lura da shi: ka sa ƙafafunka biyu a gaban madubi ka dubi sha-raɓarka. Ta dama ta rame, ko ba haka ba? Sati takwas a siminti tsoka takan zube, idon sawu ya sandare. Likitan tantancewa ba sai ya ga tabo ba. Zai ce ka tsuguna, ka yi tafiya a kan yatsu, ka yi a kan dunduniya, ka yi tsalle da ƙafa ɗaya. Nan take ɗingishin zai tona maka asiri.

Shawarar maganin ciwo kuma ka watsar da ita. Ciwon nan shi ke gaya maka ka tsaya, in ka toshe masa baki sai ka ji ƙas.

Ka koma wurin likitan da ya duba ka, a sake hoto, ka gaya masa ƙarara cewa horon soja kake son shiga, ba zaman ofis ba. Ka fara gashi da motsa jiki: tafiya tukuna, sai keke ko iyo, sai sassarfa idan ya ba ka izini, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In kana shan taba ka ajiye ta, tana jinkirta haɗewar ƙashi sosai. Kuma ka adana duk hotunanka da takardar likita, za su yi maka rana.

Nura: Ni ganau ne. Tawa karayar a ƙashin tafin ƙafa ce, wadda ba ta kai taka ba. Na ɓoye, na ci tantancewa, har aka yi ta taya ni murna. Sati na huɗu a horo wurin ya sake buɗewa muna tsakiyar gudu. Abokaina suna fareti ina kallonsu ta tagar asibiti, ƙarshe aka haɗa ni da jakata. Har yau in sanyi ya shigo sai na tuna da ita.

Ummi: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ƙanina shi an sa masa ƙarfe da kusoshi a hannu shekara biyu da suka wuce. Shi ke nan ya rasa?

Anti Rabi: Ba lallai ba ne, Ummi. Kowace runduna da nata ƙa'idojin, sai ya karanta na inda yake nema. A rubutacciyar ƙa'idar sojan Amurka, misali, abin da ke hana mutum shi ne ƙashin da bai haɗe ba ko ya haɗe a karkace, da kuma ƙarfen da ke damunsa ko zai hana shi sa kayan aiki. Wasu rundunonin sun fi haka tsauri. Ya je da hotonsa da rahoton aikin da aka yi masa, ya faɗi gaskiya, likitansu ne zai yanke.

Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na gwada tsallen da ƙafa ɗaya yanzun nan a ɗaki, ko sau biyu ban iya ba. Sha-raɓar ma haka take kamar yadda kika ce. Wallahi abin da ciwo, don mu uku muka cike fom tare.

Baba Habu: Su biyun su je, Allah ya ba su sa'a. Kai ka duba iyakar shekarun da aka rubuta a sanarwar, ka ga ko 21 tana ciki.

Sadiq: Na duba, Baba, tana ciki. Ranar Litinin zan koma a ɗauki hoton, in sha Allahu zan kawo muku abin da likita ya ce.